Awannin da na sayar a gidan silima

Makon jiya ɗan yayata ya shigo yana washe baki, wai an ɗauke shi aiki a gidan silima, biyan awa-awa, har ya roƙi manaja ya ƙara masa ranaku. Na ce, karatun fa? Ya ce, "Kawu, zan riƙa aron littafin abokaina." Gabana ya faɗi, don da bakina na taɓa faɗin haka.

Ni ma ina ɗalibi na yi aikin gidan silima, da awa 12 a mako na fara. Yaga tikiti a ƙofa, haska wa mutane kujera da tocila, sai shara. Tsakanin fim da fim mintoci kaɗan ne, a cikinsu za ka kwashe gugguru daga ƙarƙashin kujeru, ka goge lemon da ya zube ya yi danƙo. Sabon fim ranar Juma'a yake fita, don haka daga Juma'a zuwa Lahadi kai ba naka ba ne. Kallo kyauta ya ruɗe ni. Wane kallo? Farkon fim da ƙarshensa kawai nake gani, tsakiyarsa ina gindin tukunyar gugguru. Can ribar gidan take, tunda kaso mai tsoka na kuɗin tikiti masu fim ke kwashewa.

Na nace har aka kai ni ɗakin majigi. Na koyi zura fim mai faɗin milimita 35, wanda ke gudu hoto 24 a daƙiƙa, na iya haɗa shi in ya tsinke. Na ɗauka na samu sana'a. Awa 12 ta zama 30, ƙarfe ɗayan dare nake komawa gida, a aji sai gyangyaɗi. Sau biyu na faɗi jarrabawa, na uku ban ma je ba. Ina wannan hali aka kawo majigin kwamfuta, abin da na ƙware a kai ya koma danna maɓalli.

To amma wa zai ba ni kuɗin a lokacin? Babu. Kuma a can na koyi haƙuri da mai fushi. Sai dai in zan faɗi gaskiya, rabin awannin nan ba buƙata ta sa na karɓa ba, daɗin a ce da ni "na hannun daman manaja" ne.

Na shirya wa yaron nasiha mai tsawo. Ina magana yana latsa waya, yaran yanzu ke nan, sai ka rantse da bango kake yi. Na ce masa kar ya yi aikin. Can kuma na ce a'a, ya yi, zaman banza ya fi shi illa, amma kar ya wuce kwana biyu a mako. Ya rubuta duk awar da ya yi a takardarsa, ya gwada da abin da aka biya shi, ni an sha cinye min mintocin rufe gida. Ranar jarrabawa ko manaja zai yi kuka, ya ce ba ya zuwa.

Ya ɗago kai ya ce, "Kawu, in na fara zan shigar da kai kyauta."