Shekarar da maganar baki ta ci mini a digirin digirgir

Makon jiya na miƙa kundina bayan gyare-gyaren ƙarshe, aka sa hannu. Shekara uku aka ɗibar wa karatun, ni kuwa sai da na yi biyar. Ɗaya cikin biyun da suka ƙaru hidimomin rayuwa ne suka cinye ta, ba ni da ƙorafi a kanta. Ɗayar kuwa a bakin ƙofar ofis na zubar da ita, cikin maganar da ba ta kai minti biyu ba.

Na gama tsara takardar tambayoyina, saura in yi mata gwajin farko a kan mutane kaɗan kafin in fita da ita fili. Na tari farfesan da ke duba aikina yana kulle ofis, makulli a hannu, jaka a kafaɗa. Na ce, "Ranka ya daɗe, gwajin farkon nan fa?" Ya ce, "Ba sai ka yi ba, tambayoyinka sun yi. Je ka tattaro bayananka, lokaci na tafiya." Na ji daɗi, domin abin da nake son ji ke nan.

Wata bakwai na yi ina rabo ina karɓa, ina bin mutane da roƙo su cike. Da na zuba amsoshin a manhajar nazarin alƙaluma ta SPSS na nemi ma'aunin alfa, wanda Lee Cronbach ya gabatar a 1951 don auna ko tambayoyin da aka haɗa wuri guda abu ɗaya suke aunawa, sai cikina ya ɗuri ruwa. Yawancin masu bincike 0.7 suke ɗauka a matsayin mafi ƙarancin abin karɓa. Sassa biyu na takardata ko kusa ba su kai ba. Da na koma na duba, sai na ga wasu tambayoyin harshen damo gare su, kowa da yadda ya fahimce su. Da na gwada su a kan mutum talatin, da tuni na gano haka cikin mako biyu.

A taron gabatar da sakamako na sashe, wata malama ta tambaye ni ina rahoton gwajin farko. Na ce ban yi ba, bisa shawarar mai duba aikina. Ɗakin ya yi tsit. Farfesa ya gyara zama, bai ko dube ni ba, ya ce shi bai taɓa faɗa wa ɗalibi irin wannan magana ba. Ba ni da takarda, ba ni da shaida. Aka ce in sake tattara bayanai daga farko.

Laifina a nan babba ne, kuma ba na ɓoye shi. Na karanta hanyoyin bincike, na san amfanin gwajin, na bar shi ne don an ba ni kafar tsallakewa. Amma har yau ina ganin malami na iya cewa "na yi kuskure" a gaban abokan aikinsa ba tare da girmansa ya zube ba. A 1993 Andrew Wiles ya sanar da cewa ya warware matsalar Fermat da ta gagari masana lissafi fiye da shekara 350, sai aka gano giɓi a hujjarsa. Bai musa ba. Ya kira Richard Taylor, tsohon ɗalibinsa na digirin digirgir, suka zauna tare har aka toshe giɓin a 1994. A watannin da nake sake bin mutane da sabuwar takarda, labarin nan ya yi ta dawo mini.

Daga ranar, duk ganawar da muka yi, kafin in kwanta sai na aika masa da imel: "Ranka ya daɗe, ga abin da na fahimta mun tsayar yau," in jero su, in sa kwanan wata. Sau da yawa ba ya amsawa. Ban damu ba, saƙon yana nan. Wanda ke farawa yanzu, ya fara wannan tun ganawar farko, ko da malaminsa mutumin kirki ne, don mai duba ɗalibai goma ba zai riƙe abin da ya gaya wa kowa ba.

Sauran darussan ba su yi mini ciwo haka ba. Ka zuba madogaranka a Zotero, manhajar adana madogara, tun shekarar farko, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ajiye kundinka a wuri uku. Ka karanta ƙa'idojin makarantarka da idonka, kada ka dogara da "an ce". Babi mai rauni da ka miƙa ya fi gwanin babin da ke cikin kanka.

Ranar kare kundi, mai jarrabawa na waje ya daɗe a babi na uku, ya ce tsarin gwajin farkon ya gamsar da shi. Farfesa ya gyaɗa kai. Da muka fito na yi masa godiya da zuciya ɗaya, domin babi na biyu layi-layi ya bi ya gyara mini. Maganar bakin ƙofa kuwa bai taɓa tayar da ita ba, ni ma ban tayar ba.