Wata na bakwai da fara koyo: sikelina ya ruɗe ni, kofin ruwa ya fid da ni

'Yan'uwa masu koyon tara tsofaffin sulallan azurfa, na yi shiru tun bayan sallah, ga dalili. Sulen da na daɗe ina jira ya iso Nima, unguwarmu a nan Akkara. Ƙanen matata da ke zaune a Amurka ya saƙo shi a aljihun rigarsa, cikin 'yar leda mai tauri tare da takardarsa. Sule ne guda mai darajar riyal takwas, tsohon kuɗin Sifaniya, bugun Meziko, shekarar 1783, daga jirgin El Cazador.

Ga wanda bai san jirgin ba: jirgin ruwa ne, ya taso daga Berakurus ta ƙasar Meziko a farkon 1784 zai kai kuɗi Niyu Olins da ke Amurka ta yau, lokacin garin yana hannun Sifaniya kuma kuɗin takarda ya lalace a can. Bai isa ba. Teku ta riƙe shi shekara 209, sai a 1993 komar wasu masunta ta sarƙe da wani abu a ƙasan ruwa, da suka jawo sai ga dunƙulen sulalla. Da yake an tsamo su da ɗimbin yawa, kuɗinsu bai kai na sauran jirage ba, shi ya sa mai koyo irina yake farawa da su. A fuskar sulen akwai kan sarki Karlos na uku, hancinsa dai bai gaji da ruwa ba, yana nan zaƙo-zaƙo. A baya ga garkuwa tsakanin ginshiƙai biyu, ga harafin M da ƙaramin o a kansa, alamar gidan bugun Meziko.

Farin cikin bai kwana ba. Na ɗora shi a sikeli, na ga giram 24.6. Duk abin da na koya a watanni shidan farko cewa yake riyal takwas giram 27 ne da ɗan ɗigo. Da liyari na fara koyo, wato dalar Mariya Tariza mai 1780 da kakanninmu suka sani, sai sulen Afirka ta Yamma mai bishiyar kwakwa, wanda aka fara bugawa da azurfa a 1913. A kan waɗannan, idan nauyi ya gaza da giram biyu, magana ta ƙare, jabu ne. Na kaɗa shi a kan tebur, maimakon ƙarar nan mai tsawo sai na ji wani ƙwas. Daren nan tuwo bai shiga ba.

Abin da ya ƙara dagula ni, ina da wani sule da na saya watanni uku baya a wajen wani mai tallan kayan tarihi, wanda ya rantse mini daga Atoca ya fito, jirgin da guguwa ta nutsar kusa da Fulorida a 1622, wanda wani mai farautar dukiyar teku, Mel Fisher, ya gano babban tarin dukiyarsa a watan Yulin 1985. Shi wannan nauyinsa 26.9, cif kamar jiya aka buga. Sai na zauna ina zargin na gaskiya, ina alfahari da ɗayan.

Washegari na nufi Sabon Zango wajen wani dattijo maƙerin farfaru, abokin mahaifina, wanda ya yi shekaru yana narkar da tsofaffin sulalla yana yi wa mata zobba da warwaro. Ya juya na El Cazador a tafin hannu, ya shafa ramukan da ke gefensa da farce.

Ya ce, "Yaro, wannan ya kwana a gishiri. Shekara nawa ka ce?"

Na ce, "Fiye da ɗari biyu, Baba."

"To kai in ka yi shekara ɗari biyu a ruwa, da ƙibarka za ka fito?"

Da ya ɗauki na Atoca kuwa bai ce komai ba, ya miƙo mini madubinsa na ƙara girma, ya nuna mini gefen. Wani siririn layi ne ya zagaye shi, wurin da bakin mazubi biyu suka haɗu. Ya tambaye ni ko mai tallan yana da wasu. Na ce guda uku na gani a faifansa, duk iri ɗaya, ni na zaɓi wanda ya fi haske. Baba ya yi dariya har da tari. Sulallan zamanin Atoca, galibinsu bugun Fotosi a ƙasar Bolibiya ta yau, da hannu ake yanko guntun azurfa, a datse shi har nauyi ya daidaita, a ɗora tsakanin hatimi biyu a maka guduma. Wani ya karkace, wani rabin gicciyen da ke jikinsa ya fita waje, wani ya tsage a baki. Biyu ba sa zama ɗaya. Uku masu tsaga a wuri guda kuwa, uwa ɗaya ta zuba su.

Ga abin da na fahimta yanzu, kuma a nan nake so ku tsaya. Ruwan teku yana cin azurfa. Gishiri da farar wuta da ke cikin laka suna haɗuwa da fuskar sulen su zama baƙin ɓawo, idan masu tsamowa suka cire ɓawon, wani ɓangare na ƙarfen ya tafi ke nan. Sulen da ya dace ya kwanta a tsakiyar dunƙule yakan fito kusan da nauyinsa, na bakin dunƙule kuwa yakan rame sosai. Saboda haka sikeli shi kaɗai ba ya yanke hukunci a kan sulen teku. Abin da ba ya canjawa sosai shi ne nauyin ƙarfen idan aka gwada shi da girman jikinsa, kuma kofin ruwa ya isa a auna wannan.

Yadda na yi: na auna sulen a bushe. Na ɗora kofin ruwa a sikeli na mai da shi sifiri. Na ɗaure sulen da zaren ɗinki na sauke shi cikin ruwan, ya nutse duka amma bai taɓa gindi ko gefe ba, na karanta lambar. Sai a raba ta farko da ta biyu. Tsantsar azurfa tana ba da kusan 10.5, riyal na shekarun 1780 da ke da azurfa kashi 90 cikin ɗari yana ba da kusan 10.3, jan ƙarfe 8.9, dalma 11.3. Na El Cazador: 24.6 a raba da 2.40, ya ba ni 10.25. Na Atoca: 26.9 a raba da 3.00, ya ba ni 8.97. Jan ƙarfe ne aka yi wa wankan azurfa, aka ƙara masa kauri don ya cika sikeli. Sau uku na maimaita kafin na yarda, saboda kumfar iska tana maƙalewa a ramuka ta ɓata lissafi, sai an girgiza zaren. Ku nemi sikeli mai lamba biyu bayan ɗigo, kuma ku kashe fanka.

Kofin ruwa dai ya gaya mini azurfa ce, bai gaya mini daga wane jirgi ba. Wannan aikin takarda ne, kuma takarda ma ana buga ta jabu. Wadda ke da hoton sulen kansa da lambarsa ta fi wadda ke da zanen jirgi da kalmomi masu daɗi.

Ajiya a Akkara wata fitina ce, ga laima ga iskar teku. Na fitar da komai daga ledar nan mai laushi, na cire robar ɗaure kuɗi da na kewaye kwalin da ita don tana baƙanta azurfa, na zuba 'yan ƙunshin busar da laima da ake samu a kwalin takalmi. Toka, lemun tsami da man goge baki, kada ko ɗaya ya kusanci sulenku. Uwargida ta so ta taimaka mini da toka, Allah ya sa na shigo da wuri.

Wani cikinmu ya tambaye ni me ya sa muke aikawa Amurka alhali ga gaɓarmu cike da tarihin jirage. An gano wani tsohon jirgi a ruwan Elmina a 2003, amma tasoshin tagulla da mundaye da duwatsun ado aka samu, kayan da ake kawowa a sayi zinariya. Kuma irin wannan ba na aljihun kowa ba ne, yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta Gana, fitar da kayan tarihi daga ƙasa ma sai da izininta. Namu da ya tafi can ya fi ba ni tunani. Jirgin Whydah, wanda ya yi jigilar bayi kafin 'yan fashin teku su ƙwace shi, ya nutse a gaɓar Masacusets ta Amurka a 1717, kuma cikin abin da aka tsamo bayan gano shi a 1984 har da gutsattsarin kayan adon zinariya na mutanen Akan na nan Gana.

Jabun yana nan, ban jefar ba. Na rubuta 8.97 a jikin ambulansa, zan zo da shi ranar Asabar bayan la'asar tare da sikeli da zare, kowa ya ga layin mazubin da idonsa. Mai liyari a gida ya taho da shi mu auna, azurfarsa kashi 83 ce cikin ɗari, ina so in ga ko lambarsa za ta sauko ƙasa da ta riyal kamar yadda lissafi ya nuna.