Daga Rumfar Gidauniya Zuwa Lambar Asusu

Wanda ya daɗe a unguwannin Agege ko Idi-Araba da ke Legas ya san yadda ake ƙaddamar da gidauniya a da: a kafa rumfa a ƙofar masallaci, a gayyato Sarkin Hausawa da manyan 'yan kasuwar Mile 12, a naɗa wani attajiri babban mai ƙaddamarwa, sanƙira kuma ya riƙa shelanta abin da kowa ya bayar. Alkawura da yawa a bakin lasifika suke ƙarewa, domin babu mai iya tunkarar Alhaji ya ce masa ya cika.

Matasan yanzu ba sa jiran rumfa. Idan aka kwantar da wani ɗan dako a asibiti, ko azumi ya gabato ana son ciyarwa, sai a buɗe zaure a WhatsApp, a sa lambar asusu, kowa ya tura dubu ɗaya ko ɗari biyar tare da hoton shaidar turawa, kafin sallar isha'i an fitar da jimilla. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya share fage, saboda shi ya tilasta wa mai shayi da mai yankan farce buɗe asusu a bankunan waya irin su OPay ko Moniepoint. Matasan sun kuma ga misali a nan Legas a watan Oktoban 2020, lokacin zanga-zangar EndSARS ta neman rusa rundunar 'yan sanda ta SARS, inda ƙungiyar Feminist Coalition ta tara sama da naira miliyan 147, tana wallafa abin da ya shigo da abin da aka kashe, da aka toshe mata hanyar banki kuma ta koma karɓar kuɗin intanet na Bitcoin.

A ganina babban abin da ya sauya shi ne inda amana take zama. Da can fuskar dattijo ake kallo, tambayar lissafi kuma rashin kunya ce. Yanzu yaron da ya bayar da ɗari biyar yana iya cewa, "Malam, a turo mana rasit," kuma ba wanda zai ce ya yi fitsara. Wannan ci gaba ne, ko da dattawa ba sa jin daɗinsa.

Abin da ke damuna shi ne neman shaida ya kai ga ɗaukar hoton mabuƙaci, a nuna bazawara tana rungume da mudun shinkafa domin masu bayarwa su gamsu. Dattawan da muke sūka sun san gidan da ake kwana da yunwa ba a faɗa, kuma da dare suke aikawa. Ga kuma kuɗin jama'a da ke shiga asusun mutum ɗaya, saboda rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi (CAC) da takardar sashen yaƙi da halasta kuɗin haram (SCUML) da banki ke nema suna cin lokaci da kuɗi. Ranar da mai asusun ya tafi gida ganin iyaye ko wayarsa ta ɓata a Oshodi, aikin zauren yakan tsaya cak har sai ya dawo.