Waɗanda ba su dawo allura ta biyu ba

Aikina shi ne zagaya ƙananan asibitocin cikin garin Gombe ina duba yadda sashen tazarar haihuwa yake tafiya. Ƙarshen kowane wata akan kwashe alƙaluma daga rajista zuwa fom, a kai ƙaramar hukuma, a shigar da su DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya, daga nan har Abuja ana gani. Tambayar da ta fi yawa daga sama ita ce, sababbi nawa suka karɓa? Ni kam wannan lambar ita kaɗai ba ta isata.

Da na shiga, rajista nake fara buɗewa, in ɗauki biro in bi layi-layi. Allurar tazara ta Depo wata uku take yi, don haka matar da aka yi wa a Janairu ya kamata sunanta ya sake fitowa a Afrilu. A wani asibiti na tarar da shafin sababbi cike maƙil, masu dawowa kuwa tsilli-tsilli. Na ce wa ma'aikaciyar, "Sista, ina matan nan suka shiga?" Ta ce, "Hajiya, jini ne. Da mace ta ga ɗigo ba lokacin al'ada ba, lissafin sallarta ya rikice, maigida ya fara magana, shi ke nan ba za ki ƙara ganinta ba."

Sauyin al'ada sanannen abu ne ga masu allura da masu ashanar hannu, wato ɗan tsinken tazara da ake sawa a ƙarƙashin fatar damtse, kuma yawanci ba cuta ba ne. Amma idan ba a gaya wa mace tun ranar farko ba, wa zai hana ta tsorata? Ban ga laifin Sista ba, ita ce a awon ciki, ita ce a rigakafin yara, ga benci cike da masu goyo. Shi ya sa nake tsayawa a bakin ƙofa in nemi izinin masu fita, in tambaye su ko an nuna musu wasu hanyoyin ban da wadda suka karɓa, ko an faɗa musu abin da jiki zai iya yi, da inda za su nufa in ya faru. Amsarsu ba ta da gurbi a fom ɗin wata, a littafina nake rubutawa.

Birni kuma yana da nasa hali. Mace tana zaune a Pantami, sai ta hau keke Napep ta tsallake asibitin unguwarsu ta tafi can Tudun Wada, don kada kishiya ko dangin miji su gan ta a layi. Wata kuma allurar farko a asibiti, ta biyu a kemis ɗin bakin titi. Ke nan ba duk wadda ta ɓace a rajista ce ta daina ba, kuma auna ƙoƙarin asibiti da yawan matan mazaɓarsa zalunci ne ga ma'aikata. Nakan faɗi haka a taron bita, wasu su ji daɗi, wasu su ɓata rai.

Sai sito. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan tazara kyauta ne a asibitocinta da na jihohi, amma safar hannu, auduga da allurar kashe zafi ba kullum suke biyo kayan ba, sai a ce mace ta sayo. Nakan ƙirga kwalaye da hannuna, in duba ranar lalacewa, in gwada da katin sito.

Tun manufar rabon ayyukan lafiya da gwamnatin tarayya ta fitar a 2014 aka bai wa ma'aikatan lafiya na al'umma damar sa ashana. Ashanar Implanon shekara 3 take yi, ta Jadelle 5, amma mace tana da ikon cewa a cire mata ko gobe. Sawa kowa yana so, tunda tana ƙara lamba. Cirewa ce ake wa nauyin jiki. Na taɓa samun wadda ta yi ta zarya, ana ce mata wadda ta iya cirewa an yi mata canjin wurin aiki. Yanzu duk asibitin da na je sai an nuna mini mai cirewa da kayan aikinta, kafin in sa hannu a littafin baƙi.