Sati uku ina girka Android Studio a Yamai

A watan Oktoba na 2023 na taso daga Tawa na zo Yamai yin istaj na wata shida a wani ƙaramin biro da ke haɗa wa ƴan kasuwa manhajojin waya. Akwai abin da na ƙulla a raina tun kafin in hau mota. Kawuna yana sayen albasa a Galmi yana lodawa zuwa Kwatano da Abijan, kuma duk lissafinsa yana cikin wani kaye da ya sha ruwa ya sha gumi: wa ya ɗauki buhu nawa, wa ya biya, wa ake bi. Na yi masa alkawari zan mayar masa da kayen nan cikin waya. A lakwal mun yi Java, harshen rubuta manhaja, galibi a allo da takarda, don haka a ganina abin da ya rage kawai in girka Android Studio, manhajar Google da ake haɗa manhajojin waya da ita, in hau aiki. Sai da na cinye sati uku kafin manhajata ta farko, wadda ba komai a cikinta sai farin shafi da suna, ta buɗe a waya.

Kwamfutata ta hannu ce, na saye ta a wajen Babbar Kasuwa, RAM ɗinta giga 8, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Google ke nema, batirinta kuma ba ya kai minti ashirin. Lokacin ne kuma Yamai ke rabon wuta unguwa-unguwa, domin tun watan Agusta Najeriya ta tsayar da lantarkin da take turo mana, wanda shi ne kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi. A Bukoki, inda na sauka wurin ɗan'uwana, idan wuta ta zo ƙarfe ɗaya na dare, to ƙarfe ɗaya nake tashi in kunna. Fitowar Android Studio ta lokacin sunanta Giraffe, wato raƙumin dawa, don ana raɗa musu sunayen dabbobi ne bi da bi. Na ji daɗin wannan, ganin namu raƙuman dawan suna nan Kure, tafiyar kilomita 60 daga Yamai.

Abin da ban sani ba shi ne Android Studio ba abu guda ba ne. Kana sauke shi, wajen giga ɗaya, ka girka, sai ya ce yana buƙatar SDK, wato kayan aikin Android ɗin kansu. Ka gama wannan, ka buɗe aikinka na farko, sai wani mai suna Gradle ya fito. Shi ne maginin da ke tattara rubutunka da hotuna da ɗakunan karatun manhaja ya mayar da su fayil guda da waya za ta karɓa. Gradle zai sauko da kansa, sama da mega ɗari, sannan ya shiga jawo wasu fayiloli barkatai daga ma'ajiyar Google da ta Maven Central. Duk wannan a kan rezon waya nake yinsa, da forfen da na saya da kuɗin abincina.

A daren farko wuta ta ɗauke ana tsakiyar sauke Gradle. Da safe na kunna, sai ja ya cika ƙasan allo. Na yi abin da na saba yi wa kowace manhaja da ta yi gardama: na goge Android Studio na sake girkawa. Jan ya dawo. Na sake saukewa daga farko, ko na farkon ne ya lalace. Ya dawo. Sau uku na yi haka cikin kwana biyar, forfe na jaka biyar ya tafi, ban motsa ko taku ɗaya ba.

Babban mai haɗa manhaja a bironmu, wanda duk muke kira Yaya, ya lura ba na cin abincin rana. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ni.

"Ƙanena, me ta ce maka?"

"Ta ƙi, Yaya."

"Na ga ta ƙi. Me ta ce?"

Sai na yi shiru, domin gaskiya ban karanta ba. Rubutun ja ne, da Ingilishi, mu kuwa da Faransanci aka koyar da mu, kuma layukan sun fi talatin. Idona yana ganin ja sai ya kauce. Ya sa na ɗora yatsa a kan allo na karanta da ƙarfi, kalma bayan kalma, har muka iso inda aka rubuta "zip END header not found". Ya ce fayil ɗin zip a wutsiyarsa yake ajiye jerin abin da ke cikinsa, to idan saukarwa ta yanke a hanya, wutsiyar ce ba ta iso ba. Ya buɗe dosiyen sunana a Windows, ya nuna mini wani dosiye mai suna .gradle da ban taɓa kula da shi ba, ya shiga wrapper, ya shiga dists. Ga guntun fayil ɗin nan zaune tun daren farko. Goge Android Studio ba ya taɓa wannan wurin ko kaɗan. Kwana biyar na bar jaki ina dukan taiki. Ya share guntun, ya ciro kile ta USB daga aljihunsa, ya kwafa mini cikakken fayil ɗin a gurbinsa. Ko mega ɗaya ba mu kashe ba.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Shawarar "goge ka sake girkawa" tana ko'ina a bidiyoyin koyarwa, kuma ban ce masu yin su sun yi ƙarya ba. Wanda intanet ɗinsa ba ya ƙarewa, wutarsa ba ta ɗaukewa, minti goma ne zai rasa. Mu a nan kuɗin tuwon kwana uku ne. Ɗalibin Yamai ko na Tawa dole ya koyi karanta saƙon kuskure tun kafin ya iya rubuta manhaja, kuma ina ganin ya kamata malamanmu su ware wa wannan darasi na kansa, da kalmomin Ingilishi ashirin ko talatin da ke yawan maimaituwa a ciki. Ba sai mutum ya iya hira da harshen ba. Yaya ya koya mini in nemi layin da ya fara da "Caused by", in fara da na can ƙasa, domin yawanci a nan tushen yake, sauran duk kururuwa ce da ta biyo baya.

Bayan kwana biyu saukarwa ta sake tsayawa, wannan karon ana maganar takardar shaidar tsaro, da haruffa PKIX a gaba. Na karanta yadda aka koya mini, na ga ana cewa shaidar ba ta fara aiki ba tukuna. Ta yaya shaidar Google za ta zama ba ta fara aiki ba? Sai idona ya sauka a kusurwar allo. Kwanan watan kwamfutar ya koma baya da shekaru. A cikin galibin kwamfutoci akwai ɗan batiri mai kamar kwabo da ke riƙe agogo idan an kashe ta, nawa ya mutu, don haka duk lokacin da wuta ta ɗauke babban batirin ma ya ƙare, sai agogon ya koma ranar da ya ga dama. Shafukan intanet masu tsaro kuwa shaidarsu tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kwamfuta na gwada su da agogonta. Na gyara kwanan wata, komai ya wuce. Ranar Asabar mai gyara ya buɗe ta ya sa sabon batiri. Wannan ce matsala ta farko da na warware ni kaɗai, kuma a ranar na sayi ƙaramin kaye na fara rubuta kowane saƙo da abin da ya kawo shi.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta suna. Na buɗe aikin kawuna, na sa wa dosiyen suna "Kuɗin Albasa", da ɗ ɗinta mai lanƙwasa, don na sha wahala kafin in samu madannin da ke rubuta haruffanmu a kwamfuta kuma ina alfahari da shi. Gradle ya tsaya, ya ce hanyar aikina tana ɗauke da haruffan da ba na ASCII ba, kuma hakan zai iya ɓata ginin a Windows. ASCII tsohon tsari ne na Amurka, tun 1963, mai alamomi 128 kacal. Babu ɗ a ciki, babu ƙ, babu ɓ, babu ƴ, ko é ɗin Faransanci ma babu. Wasu daga cikin kayan ginin da ke aiki a ƙarƙashi har yanzu suna tuntuɓe da harafin da ya fita daga wannan jeri idan yana cikin sunan dosiye. Wata abokiyar istaj ɗina ta gamu da irinta ta wata ƙofar: sunan da aka buɗe mata Windows da shi yana da é, SDK kuwa a ƙarƙashin wannan sunan yake sauka, sai da ta ƙirƙiri sabon dosiye kai tsaye a kan C ta mayar da shi can.

Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Na ji kamar an ce harshena ya tsaya a bakin ƙofa. Na faɗa wa Yaya haka, ya ce in bambanta sunan rumbu da hatsin da ke ciki. Sunan dosiye na magina ne, a rubuta shi da baƙaƙen da ba su da ƙugiya, ba tazara a tsakani. Abin da kawu zai gani a waya kuwa yana zaune a wani fayil mai suna strings.xml, wanda ke karɓar duk haruffan Unicode, tsarin da ya ƙunshi haruffan harsunan duniya, kuma Android ya san Hausa da lambarta, ha. Idan ka buɗe dosiye mai suna values-ha ka zuba fassararka, wayar da aka saita da Hausa ita za ta ɗauko. Na mayar da dosiyen kudin_albasa, zuciyata ba ta so ba, amma a cikin manhajar ban bar ƙugiya ko ɗaya ta faɗi ba. Har yau ina ganin gyara na nan da ya kamata masu kayan aikin su ƙarasa, kuma ba za a ƙarasa shi ba sai irinmu sun yawaita a cikin masu rubuta su.

Ta Java ba ta ja lokaci ba. Na girka Java 21, wadda ta fito a watan Satumba na shekarar, don ina zaton sabo ya fi. Aikin yana ginuwa a cikin Android Studio, amma idan na kira Gradle daga tagar umarni sai ya ce "Unsupported class file major version 65". Lamba 65 ita ce Java 21, 61 kuma Java 17. Gradle ɗin da aikina ke amfani da shi bai san 21 ba tukuna, Android Studio na lokacin kuwa ya zo da tasa Java 17 a dosiyen jbr. Na nuna wa JAVA_HOME, saitin da ke faɗa wa Gradle inda Java take, wannan dosiyen, shi ke nan.

Wayar kwaikwayo, wadda ake kunnawa a cikin kwamfuta don gwaji, ita ce na haƙura da ita. Na shiga BIOS, wato saitin tushe na kwamfuta, na kunna wani zaɓi mai suna VT-x kamar yadda ake buƙata, na sauke hoton tsarin Android da ya haura giga ɗaya, ta kuma tashi. Amma da giga 8, ga Android Studio ga Gradle ga ita, sai fankar kwamfutar ta riƙa kuka kamar injin niƙa a zafin Yamai, danna abu guda sai ka jira. Da na san haka da ban kashe wannan gigan ba. Yaya ya ce wayar da ke aljihuna ta fi ta, don irinta ce a hannun kawu da abokan cinikinsa. Na shiga saitin Tecno ɗina, na danna lambar gini sau bakwai, zaɓin masu haɗa manhaja ya bayyana, na kunna gyara ta USB. Na jona, na rubuta adb devices, umarnin da ke jero wayoyin da kwamfuta ta gani, jerin ya fito fayau. Na kusa komawa ɗabi'ata ta sake girka direbobi, sai na duba kayena na tuna ƙa'idar da na rubuta a shafin farko, cewa abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a fara da mafi arha. Na ari igiyar abokiyar aikina. Nan take wayar ta fito, da kalmar "unauthorized" a gabanta, na duba allon wayar na ga tana tambaya ko na yarda da wannan kwamfutar, na ce na yarda. Igiyata ta caji ce kawai, babu zaren da ke ɗaukar bayanai a cikinta, kuma da ido ba za ka bambanta su ba.

Yanzu ina da tawa kile, da Android Studio da SDK da fitowar Gradle guda huɗu a ciki, kuma duk sabon ɗan istaj da ya zo ita nake fara miƙa masa tare da kayen. Da na je gida hutun ƙarshen shekara na biya ta Galmi, na tura wa kawu manhajar ta Bluetooth muna zaune a kan buhuna. Ya sa tabarau, ya karanta "Kuɗin Albasa" a saman allo, ya shigar da sunan mutum guda da buhu goma sha biyu, ya ga jimla ta fito. Ya jinjina kai, ya miƙo mini wayar.

"Ɗana, ina wurin kuɗin ƴan dako da na igiyar ɗinki? Su ma a buhu ake lissafa su."

Na ciro kaye na rubuta.