Famfo Ne Ƙarshen Abin Da Nake Taɓawa

Garejina ƙarami ne a nan cikin garin Sakkwato, ni da yarana masu koyo. Aikinmu tsofaffin motoci masu shan gas: Mercedes 200D da 240D da 300D, ƙirar W123 da aka fara fitarwa a 1976, da Peugeot 504 da 505, da Hilux mai injin 2L ko 3L, sai Land Cruiser mai 1HZ da ke shiga daji wajen Gudu da Tangaza. Waɗannan ba su da inda za a jona kwamfuta ta faɗi ciwo. Da kunne da ido da hanci ake gane su.

Kusan duk wanda ya turo mota, da maganarsa yake zuwa: "Maigida, famfon motag ga ya mutu." Nakan ce, "Alhaji, bari mu ji ta bakinta tukuna." Famfon da ke kan waɗannan injina, wato mai tura gas da ƙarfi zuwa silinda, yana da wuyar mutuwa, kuma shi ya fi komai tsada. Abin da ke ba ni takaici shi ne in ga an kwance lafiyayyen famfo an lalata saitinsa, alhali wani ɗan tiyo ne ya tsage yana zuƙar iska.

Saboda haka da iskar nake farawa. Ina sa farin tiyo da ake ganin ciki tsakanin filta da famfo, a tayar da mota. In kumfa na tafiya cikin man, to an samu ɓarawo. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana ƙona roba har ta yi tauri ta fashe ba tare da ta ɗiga ko ɗigo ɗaya ba. Bayan nan sai hayaƙi. Baƙi na nufin mai ya fi iska yawa, kuma a lokacin hunturu sau da yawa filtar iska ce ƙura ta toshe. Shuɗi, baƙin mai ne ke ƙonewa, a duba ringi. Fari mai yaji a ido gas ne da bai ƙone ba, ko hita (mai ɗumama silinda kafin mota ta tashi) ko nozul (mai fesa gas a silinda) ko saitin famfo. Fari marar yaji kuwa, ga lagireto na shanye ruwa, sai a yi zargin gaskit. In injin na rawa, ina sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya da sifana mai lamba 17. Silindar da na sassauta amma sautin bai canza ba, ita ce ba ta aiki.

Akwai wanda ke tsorata mutane: a zare makullin Mercedes amma ta ci gaba da ƙugi. Iskar zuƙo ce ke kashe injin, to tiyonta ya huje. Akwai ɗan hannu a kan injin da aka rubuta STOP, danna shi za ta mutu, gyaran kuma ba ya cin kuɗi.

A bayan gareji nake ajiye motocin yanka. Galibi waɗanda suka yi hatsari ne ko gangar jiki ta ruɓe amma injin na da rai. Ba na saye sai na ji ta tashi da kunnena, na buɗe murfin baƙin mai na ga yadda take hura hayaƙi, kuma sai da cikakkun takardu da shaidu, don ba na son kayan sata su kwana mini a gareji. Babban amfaninsu a wurina gwaji ne. In ina zargin nozul, sai in ciro waɗanda na san lafiyarsu in ɗaura. In ciwon ya tafi, mai mota ya biya da kwanciyar rai. In bai tafi ba, na mayar da kayana, bai yi asarar kwabo ba. Kayan Beljiyam da ake kawowa daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas akwai masu kyau, amma ba ka ji su suna aiki ba kafin ka biya.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Nozul na Mercedes marar tabo (turbo, mai ƙara wa inji iska) yana buɗewa ne in matsin gas ya kai bar 115, na mai tabo a bar 135, ga su kamar tagwaye a ido. Hitar W123 ta farko a jere take, ɗaya ta ƙone duka sun tsaya, ba a haɗa ta da siririyar da ta zo daga baya. Peugeot kuma wata da famfon Bosch take zuwa, wata da Lucas, bututunsu ba ɗaya ba ne. Lambar jikin kaya nake sa yarana su karanta kafin su ɗauki sifana.

Gaskit da sil da bel na taimin da robobin birki, waɗannan ba na cirowa daga motar yanka ko mai mota ya roƙa, sabbi ake saye. Famfo da nozul da muka cire kuwa, mukan cika su da gas mai tsabta, mu toshe kowace kafa, mu naɗe a leda saboda ƙura. Ƙarfen da ya rage sai 'yan gwangwan su zo su auna.