Ɗaga rigar jaririnki, ki ƙirga numfashinsa

Ɗana na fari yana da wata huɗu lokacin da tarin ya kama shi, a tsakiyar hunturu, ƙura ta rufe gari har ba a ganin rana sosai. Da farko majina ce kawai. Bayan kwana biyu sai na fara jin ƙirjinsa yana gurnani kamar mage idan ta kwanta, wani lokaci kuma wani siririn fito yana fita idan ya sauke numfashi. Duk wadda ta shigo sai ta ce, "Mura ce, sanyi ne ya shige shi, ki ƙara masa riga." Na ƙara riga, na ƙara hula, na toshe taga da tsumma.

Ƙannena, a nan na fara kuskure. Ɗakin da na toshe, a cikinsa nake ajiye kasko da garwashi don ɗumi, in zuba turaren wuta safe da yamma, da dare kuma in kunna maganin sauro mai hayaƙi a gindin gado. Ni a ganina gata nake yi masa. Ashe hanyoyin iskar da ke huhun jariri sirara ne ƙwarai, ɗan kumburi kaɗan ke ƙuntata su, ni kuwa ina ta cusa musu hayaƙi kala uku. Har yau ina son turaren wuta, amma ba ya shiga ɗakin da jariri yake kwana.

Da mako ya cika ba sauƙi, na aika kemis aka sayo maganin tari na ruwa. Yakan sa shi barci, sai na ɗauka lafiya ce ta samu. Daga baya likita ta gaya mini cewa irin waɗannan magunguna ba a ba jarirai, ba sa warkar da abin da ke ƙirji, kuma barcin da suke sakawa yana iya ɓoye yadda ciwo ke ƙaruwa. Da na ji labarin Gambiya a 2022, inda yara kusan 70 suka rasu bayan shan gurɓataccen maganin tari da ya lalata musu ƙoda, jikina ya yi sanyi, domin ni ko takardar jikin kwalbar ban karanta ba. Wata maƙwabciya ta kawo zuma, Allah ya sa ban ba shi ba. Ba a ba yaron da bai shekara ba zuma, komai kyanta.

Gwaggona kuma ta ce beli ne, a kira wanzami. Maigidana ya ce sam. Na yi fushi da shi kwana biyu, ina ganin ya raina manya. Yanzu na san ya fi ni gaskiya, don cire beli ba ya taɓa ciwon da ke can cikin huhu, sai dai ya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, ya kuma hana yaro kama nono a lokacin da ya fi bukatarsa.

Mun shiga mako na uku. Wata asuba na ba shi nono, ya kama ya saki, ya kama ya saki, yana haki, jikinsa zafi rau. Da muka isa asibiti, nas ɗin ba ta tsaya dogon tambaya ba. Ta ɗage rigunan nan uku da na jibga masa, ta duba agogo, ta yi shiru minti ɗaya cur. Sannan ta ce, "Maman yaro, zo ki gani." Duk lokacin da ya ja numfashi, ƙasan haƙarƙarinsa sai ya lotsa ciki, ƙofofin hancinsa suna buɗewa. Ta ce ta ƙirga sittin da wani abu. Nimoniya ce, wato ciwon huhu. Aka sa masa iskar oksijin, muka kwana huɗu a gado. Abin da ya fi yi mini ciwo, kullum ina yi masa wanka, amma ban taɓa tsayawa na kalli ƙirjin nan da idon mai neman alama ba.

Ga abin da ta koya mini, ku riƙe shi. Ana ƙirgawa ne lokacin da yaro yake kwance lafiya, ba yana kuka ba, tsawon minti ɗaya cikakke, agogon waya ma ya isa. Jaririn da bai kai wata 2 ba, idan ya kai numfashi 60, ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Idan kika ga haka tare da tari, ranar za ki kai shi. Idan kuwa ƙirji na lotsawa, ko ya ƙi nono, ko yana amayar da komai, ko ya yi laƙwas ba ya farkawa da sauƙi, ko yana jijjiga, ko leɓɓansa da harshensa sun canza launi, to ko ƙarfe biyun dare ne, a tashi mai babur. Tarin da ya wuce kwana 14, ko yaro yana wasansa, a je a bincika, domin tarin shiƙa da tarin fuka da asma duk suna iya fakewa a bayan "mura ce".

Ba kowace ƙara ce nimoniya ba, kar in tayar muku da hankali. Wani hanci ne kawai ya toshe, ɗigon ruwan gishiri na hanci da yawan nono sun wadatar. Wani kuma an haife shi da maƙogwaro mai laushi, ƙarar takan ƙaru idan ya kwanta rigingine ko yana tsotso, yawancinsu kuma tana ɓacewa kafin su cika shekara biyu. Sai dai likita ne ke rabe wannan da wancan, ba kunnen uwa ko na kaka ba.

Akwai wani kuskuren da nake jin nauyin faɗa. Allurar rigakafin mako 14, wadda a cikinta akwai ta nimoniya da ta tarin shiƙa, ban kai shi ba, wai don yana mura kuma ana sanyi. Nas ɗin ta buɗe katin, ta nuna mini gurbin da ba a cike ba, ta ce ɗan tari da majina ba sa hana allura. Ƙannensa biyu da suka biyo baya, mako 6, mako 10, mako 14, ko ana ruwan sama ina kan bencin asibiti da kati a hannu.